Sarki Biyu a Babban Tebur

Vithal Gaonkar ya kwashi jarinsa kaf ya kai babban teburin caca ranar bikin fitilu na Diwali, ya baro shi a can.

Da hantsi kwalekwale ya sauke shi a bakin kogin Mandovi tare da sauran waɗanda suka fito daga jirgin caca. Masu mota suka shige motocinsu. 'Yan acaɓa, abokan sana'arsa na da, suna jere a inuwa. Ɗayansu ya ɗaga murya.

"A'a, attajirin ruwa! A kai ka gida ne, ko jirgin sama kake jira?"

Ya wuce su. Nasa babur ɗin yana shagon mai karɓar jingina tun bara, lokacin da karta ta fara kayar da shi. Jibi wa'adin fansa zai cika. In ya wuce, a sayar. Ga shi ya riga ya ce wa matarsa Shobha, bayan Diwali za ta ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Bai nufi gidan ba. Ya hau tudu da ƙafa, wajen Anti Filomena.

Tsohuwar nan a raba kati ta ƙare ƙuruciyarta, har idonta ya yi rauni aka sallame ta daga jirgi. Ita ta tsince shi bara yana zaune a bakin ruwa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ta kai shi barandarta, ta koya masa wasan kartar da ake kira foka, da 'ya'yan kashu a madadin kuɗi. Ta koya masa jefar da kati ba tare da ciwon zuciya ba. Ta koya masa zama shiru, da kallon hannun mutum maimakon bakinsa. Da ya fara hankali ta ba shi ɗan jari, da doka guda: a raba jari kashi ashirin, kashi ɗaya ake kaiwa tebur, kuma ƙaramin teburin baƙi 'yan yawon shaƙatawa.

Duk damina haka ya yi. Ya mayar mata da nata, nasa ya riƙa tashi a hankali kamar ginin gara. Ya haura rabin kuɗin fansa. Rabi kuwa ba ya fito da babur. Ga wa'adi ya matso, ga kowa na cewa wanda ya yi karta ranar Diwali arziki na bin sa har shekara.

Ya same ta ta dawo daga coci, tana tsoma burodi a shayi. Ta dubi ƙafarsa, duk ƙura.

"Nawa ka kai?"

"Duka, Anti."

"Wane tebur?"

"Babban, na sama."

Ta ci gaba da taunawa. Can ta tura masa tsohuwar kartarta da kwanon kashu.

"Shimfiɗa mini yadda wasan ya gudana. Kada ka yi mini kwalliya."

Ya shimfiɗa. Sarki biyu ne a hannunsa. Abokin karawarsa wani mai otal ne daga Delhi, zobba a kowane yatsa, ya sha ya yi tatul. Vithal ya ƙara kuɗi, mutumin ya bi. Aka buɗe katin tsakiya, babu abin tsoro. Ya tura duk abin da ke gabansa. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Don albarkar biki," ya bi da katin tara guda biyu. Katin ƙarshe ya faɗo tara. Tara uku suka kayar da sarki biyu.

Anti Filomena ta kai katin kusa da idonta, ta ajiye.

"Daidai ka buga."

Vithal ya ɗago kai.

"Ko ni ce haka zan yi. In aka raba wannan sau goma, takwas ko tara naka ne."

"To kin gani, Anti! Kin gani da idonki! Ba hauka na yi ba. Hannuna ya nuna."

"Ya nuna. Mai zobban nan fa, da ya faɗi me zai yi?"

"Ya zaro wasu."

"Ya zaro wasu. Shi da jari goma ya je. Kai da ɗaya ka je, sakarai, ka ɗora babur da tukunyar Shobha a kanta."

Ya sunkuyar da kai. Daga ƙasan tudu ana jin yara suna ƙarasa wasan wutar jiya. Ya lissafa mutanen da zai iya zuwa wurinsu. Surukinsa ya rantse ba zai ƙara ba. 'Yan'uwansa sun daina ɗaga wayarsa. Ba kowa sai wannan tsohuwa mai shayi a hannu.

"Mutumin yana nan har gobe," in ji shi a hankali. "Zubar da kuɗi yake kamar ruwa. Ki ba ni jari ki zaunar da ni sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Ki ɗauki kashi biyu cikin uku na ribar."

"Sau ɗaya kuma."

"Jibi za su sayar, Anti."

"Su sayar. Babur ya tafi tun jiya, kai ne ba ka ji ƙararsa ba." Ta jawo kwanon kashu ta dire a tsakaninsu. "Ga inda muka fara. In kana so, zauna in raba. Bayan wata biyu mu ga ƙaramin tebur."

"Kashu zan kai wa mai jingina? Kashu zan nuna wa Shobha?"

"Ka nuna mata fuskarka. Ta saba gani."

Vithal ya sauko daga kujera. Mutum mai 'ya'ya uku, ya durƙusa a kan siminti ya kama ƙafafunta da hannu biyu, kamar yadda yake wa uwarsa ranar biki.

"Ke uwata ce. Ba ni da kowa. Don girman Allan da kika je wa yau da safe."

Ta bar shi ya gama. Sannan ta janye ƙafarta, ta ɗauki kofinta.

"Tashi, Vithal. Ko rupi ɗaya ba zan ba ka ba."