Tsuntsun da Ba a Zana Ba

"Faɗa mana, Gwaggo, ke da bango ɗaya ya raba ku da Mai Zane," in ji mai gidan hayar, yana riƙe da allon zane da yatsa biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera. "Ana jin wari ko ba a ji?"

Duk 'yan haya sun firfito tsakar gida. Ga allunan Mai Zane an jingine jikin famfo, kowanne da tsuntsu kwance a kai, ƙafafu sama, ido a rufe. Tun da aka gina dogon benen gilashin nan na bakin titi tsuntsaye ke karo da shi suna faɗowa. Shi kuma tsohon, da ƙarfinsa ya ƙare a rubuta allunan shaguna, sai ya riƙa tsinto su, ya zana, sannan ya binne. Laifinsa ɗaya, ya rataye zanen a hanyar shigowa gida.

"Mutum ya rasa abin zanawa sai gawa?" in ji matar direba. "Ni da tsohon ciki, kullum in yi sallama da mushe!"

"Baba, ka zana mana gasasshe mana, mu ɗan haɗiyi yawu," in ji mai gyaran rediyo. Aka kwashe da dariya.

Ita Gwaggo tela, tsakani da Allah, ban da fenti hancinta bai taɓa jin komai ba. Amma ido ya yi mata yawa, kuma matan nan su ke kawo mata ɗinki.

"To... wani lokacin akan ɗan ji," ta ce.

Mai Zane ya dube ta. Ya tattara allunansa ya shige ɗaki.

Magana zarar bunu ce. A duk gidan shi kaɗai ne kan tsaya ƙofarta ya tambayi ciwon gwiwarta, yanzu kuwa sai gaisuwa daga nesa. Daga baya gaisuwar ma ta ɗauke, ciwo ya kwantar da shi. Sati biyu ba mai leƙawa, wai ɗakin mushe. Ɗansa ɗaya, yana can wata uwa duniya, wayarsa ba ta shiga. Sau nawa Gwaggo ta je bakin ƙofar da kwanon abinci, ta ajiye, kunya ta koro ta.

Ran nan da hantsi ta fita sayen zare, sai ga wani ɗan tsuntsu a gindin benen, mai shara na shirin turawa kwata. Ta sunkuya da ƙyar, ta naɗe shi a ƙyalle. Jikinsa da sauran ɗumi.

A tsakar gida matar direba ta hango 'yan ƙafafun. "La ila! Gwaggo, ke ma an shafa miki?"

"An shafa min. Ki kai ɗinkinki gaba."

Ta shiga ɗakin Mai Zane. Ba komai a ciki sai katifa, kujera ɗaya, gwangwanayen fenti da suka bushe, da allunan nan an kife fuskokinsu jikin bango. Tsohon ya zama kamar kara.

"Wane ne?"

"Mai hancin ƙarya ce. Malam, ban taɓa jin warin komai ba. Ka yafe ni."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ai na sani, maƙwabciya. Hancinki ƙalau yake, bakin ne ya ji tsoro."

"Na kawo maka baƙo."

Ta ɗora masa a tafin hannu. Ya shafa gashin da babban yatsa, ya kai kusa da fuska, ya girgiza kai.

"Hannu ya ƙi, ido ma ya bi shi. Ke faɗa min kalarsa. Daga baki ake farawa, a gangara har wutsiya, ba a tsallake komai. Haka nake musu."

Ta jawo kujera kusa da taga. "Bakin baƙi ne."

"Baƙi iri nawa ne, tela?"

"To, baƙin kan keken ɗinki, inda hannu ya goge."

"Yauwa."

"Maƙogwaro ruwan ƙwai, amma na atamfar da ta sha wanki uku. Ƙirjin kuma... ashe akwai wani ɗan ja a ƙasa, sai an hura gashin ake gani."

"Kin gani ko," ya ce a hankali. "Mai shara ba ya hurawa."

Ta buɗe fiffiken. Toka-toka ne, da layin fari siriri kamar an bi da zare ɗaya. Ta faɗa masa. Ta jira yauwa, ba ta zo ba.

Gwaggo ta ɗaga kai ta dube shi, ta daɗe tana dubawa. Ta yi salati, ta shafa masa ido. A waje ana ta tarar ruwa a famfo, wani na neman bokitinsa.

Ba ta kira kowa ba tukuna. Ta gyara zama, ta juya tsuntsun wajen haske.

"Saura wutsiya, Malam," ta ce. "Shuɗiya ce."