Tsohon Injin Norbert

Darlene ta yi ta jan igiyar injin kwashe ƙanƙara har kafaɗarta ta amsa, amma ko tari bai yi ba. Sabon inji ne fa, shekararsa biyu. Ta buɗe tanki ta sansana, nan take ta gane: man bara ne ta bari a ciki duk tsawon bazara har ya lalace. Abin da maƙwabcinta Norbert yake mata faɗa a kai ke nan kowace shekara, ita kuwa kunnen uwar shegu take yi da shi.

Ga shi yau Norbert ɗin ne kwance, rai a hannun Allah. Matarsa Arlys ta bugo mata waya da safe. Maganin kashe ciwo ya ƙare, nas ɗin da ke kawo shi tare da tukunyar iskar numfashi tana bakin titi, amma dusar ƙanƙara ta rufe doguwar hanyar gidan har ƙugu. In ba a buɗe hanya ba, sai dai ta kira masu agaji su ɗauke shi a gadon ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti. Shi kuwa tun bara ya sa Arlys ta yi masa alkawari a gidansa zai cika.

Darlene ta kutsa ta katangar baya tana nutsewa cikin ƙanƙara tana fitowa. Ta same shi a falo kan gadon asibiti, ya rame ƙwarai, goshinsa duk gumi. Ya dube ta da ido ɗaya.

"Kin bar mai a ciki, ko?"

"Na bari, Norbert."

"Na sani. Je ki ɗauki nawa. Ki buɗe makunnin mai, ki ja a hankali sau biyu, sannan ki fizga kamar kina jin haushina."

"Wannan ba zai yi mini wuya ba," ta ce. Sai da ta fita ta share hawaye.

Labarin injin nan ta ji shi har ya gundure ta. Norbert ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a masana'antar injinan kwashe ƙanƙara da ke bayan gari. Na farkon da suka ƙera, in ji shi, da gangar jikin injin huɗar lambu aka haɗa su. Nasa na zamanin ƙarfe zalla ne, shi ya yi waldar bakinsa da hannunsa. Daga baya aka koma bututun roba, sannan aka fara sayo injinan daga ƙetare, shi kuwa ya ajiye aiki yana mita. Kullum sai ya ce nata ɗin abin wasan yara ne.

A garejinsa ta yaye tsohon bargon da Norbert ya lulluɓe injin da shi. Fentin duk ya koɗe, nauyi kamar saniya. Ta ja sau biyu, ta tuna duk baƙaƙen maganganunsa, ta fizga. Ai kuwa sai ya tashi da ruri, har kwalaben da ke kan tebur suka hau rawa. Wani daɗi ya rufe ta, ta tura shi waje tana dariya ita kaɗai. Ya dinga cin ƙanƙara yana watsowa gefe, ita tana biye da shi, har ta hango nas ɗin tana ɗaga mata hannu.

Bayan azahar ciwon ya lafa, Norbert ya samu barci, a cikin barcin nan kuma ya cika. Arlys ta fito ta sami Darlene tana share matakala, ta riƙe hannunta. Babu kuka a fuskarta, sai gajiya da kwanciyar hankali.

"A gadonsa, Darlene. Ya ji tashin injin, ya yi murmushi. Wai a gaya miki kina ba shi wuta da yawa."

Darlene ta yi dariya har ta koma kuka. Da ta huce, ta sake tayar da injin ta mayar da shi gareji. Ta rufe makunnin mai kamar yadda Norbert yake yi, ta tsaya hannunta a kan ƙarfen mai ɗumi, tana jira har ya shanye ɗan abin da ya rage ya yi shiru da kansa.