Gadar Ranar Asabar

Shekara ashirin da bakwai ina koya wa mutane tuƙin mota, kuma ban taɓa yi wa kowa alkawarin magana mai daɗi ba. Kujerata ita ce ta gefen direba, da birkina na daban a ƙarƙashin ƙafa. Na koyar da likitoci, na koyar da 'yan kasuwa masu tumbin da ke gogar sitiyari, har da wata shugabar makaranta da ta rantse sai ta kai ƙarata don na ce tana riƙe sitiyari kamar mai matsar wanki. Duk sun sami lasisi. Mutum ɗaya ce ta gagare ni, ita ce autata.

Tana da shekara goma sha takwas na ɗora ta a kan sitiyari. A rana ta huɗu motar ta mutu mata a tsakiyar shataletale, ana ta danna mana hon ta ko'ina, ni kuwa na buɗe baki na yi abin da na saba. Ta ja birkin hannu, ta buɗe ƙofa, ta taka da ƙafa har gida. Ba mu yi faɗa ba, ba mu kuma shirya ba, magana ce kawai ta bushe a tsakaninmu. Da ta gama karatu ta sami aiki a wani gari mai nisa, sai wayarta ta zama ta uwarta. Su yi awa guda suna ƙus-ƙus da dariya, sannan a miƙo mini.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, Auta. Ya aiki?"

"Da godiya."

"To, madalla. Ki kula da kanki."

Na taɓa duba fuskar wayar bayan mun gama: minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Ina kewar yarinyar nan har cikin ƙashina, amma bakin da ya saba da "taka birki" bai san ta inda ake fara irin wannan zance ba.

Rufin ɗakinta ne ya fara yoyo, uwarta ta sa ni fitar da kaya. A ƙarƙashin gado na tarar da wata baƙar na'ura mai faɗin tire, da abin riƙewa mai maɓallai da 'yan sanduna biyu kamar kan giyar mota. Na san ta. Ita ce na'urar wasan da na sha yi mata faɗa a kai. Na goge ƙurar, na ajiye ta kusa da talabijin, ban san dalili ba. Da Auta ta kira aka miƙo mini, sai na ji bakina ya ce, "Wannan abin wasan naki, ta ina ake tayar da shi? Ban ga wurin makulli ba."

Ta fashe da dariya. Rabon da in ji wannan dariyar a kunnena, ba daga nesa ba, har na manta. Ta sa na jona waya nan, na cire can, na haɗa na'urar da intanet ɗin gida bayan tsaki uku. Ashe tana da sabuwar irinta a can, kuma akwai wasan da mutum biyu za su shiga tare ko da ba gari ɗaya suke ba. Ranar mun yi minti arba'in da uku.

"Baba, da gaske kake ko zolaya?"

"Gemu ba ya hana ilimi," na ce.

"To ji sharaɗina. Kowace Asabar ƙarfe huɗu, awa ɗaya. Zan kai ka har ka haye gadar farko. In ka haye ta ka iya ke nan, sai ka ci gaba da kanka."

Labarin wasan shi ne wai kumbonmu ya faɗi a wata duniya mai rana biyu, inda mutane suka ƙare sai mutum-mutumin ƙarfe masu jajayen idanu. Ni soja ne cikin sulke, da bindiga mai harba haske, da ɗan inji a baya mai ɗaga mutum sama na ɗan lokaci. Ita ma soja ce, sulkenta ruwan ɗorawa. Daga tarkacen kumbon za mu taka har ƙofar wani birni, a tsakani kuwa akwai karyayyiyar gada a kan rami marar ƙasa. Muryarta tana zuwa mini ta abin kunne mai ɗan makirufo, sai ka ce tana zaune a hannun kujerata.

"Da farko, zaɓi matakin wasa mai sauƙi," ta ce.

"Ni? Sa mini na tsakiya."

"Baba, sabon ɗalibi kana fara kai shi babban titi?"

Na zaɓi mai sauƙi.

"Sandar hagu ƙafafunka ce, ta dama idanunka. Kada ka kalli hannunka, kalli gabanka."

Maganata ce wannan, kalma da kalma, ita nake faɗa wa masu leƙen giya. Amma faɗa daban, yi daban. Sojana ya yi minti goma yana kallon sama yana zagaye wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Da na samu ya miƙe, sai ya shige bango ya tsaya yana ta tafiya ba ya zuwa ko'ina. Uwarta tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, tana dariya har da hawaye. "Malam, ka ba da sigina mana kafin ka sha kwana!"

Ina jiran tsawa daga Auta, don ni da tuni na yi. Ba ta zo ba. Sai dai ta ce, "Ba komai, sake." Wanzami ba ya son jarfa, na sani, amma wannan haƙurin nata ya fi tsawa yi mini ciwo.

Babban laifina shi ne tsayawa. Da na hango mutum-mutumi sai in ja birki, in duba hagu, in duba dama, in ba shi hanya. Shi kuwa ba ya sanin ladabi, sai ya narka ni nan take.

"Baba, a nan wanda ya tsaya shi ne ya mutu. Ko harbi kake yi, ƙafarka ta riƙa motsi."

"Duk rayuwata ina hana mutane gudu."

"To yau an ba ka izini."

Ta koya mini kada in bari bindiga ta ƙare a fili, in laɓe bayan dutse in cika ta tun da saura. Ta hana ni kwashe duk tarkacen da na gani a ƙasa, wai nauyi zai hana injin bayana ɗaga ni. Ni kuwa ina ganin ƙarfe mai kyau a yashe sai raina ya ƙi. Akwai 'yar zagayayyiyar taswira a kusurwar talabijin mai nuna abokan gaba da jan ɗigo. "Madubinka ke nan," ta ce, kuma daga ranar ba wanda ya sake zagayo ni ta baya. Sannan ta nuna mini wasu fitilu shuɗɗa a kan hanya inda ake ajiye wasa, ta yadda in mutum ya mutu zai dawo nan maimakon farko.

A tsakanin harbi da harbi akwai tafiya mai tsawo a cikin jan yashi, babu abin yi sai takawa. A nan ne magana ta fara tsirowa. Na ji labarin shugabarta a ofis mai son taro, da maƙwabcinta mai buga ƙusa kullum, da takalmin da ta saya ya matse ta. Ba wani babban zance. Ni dai ina tafe a bayan sulke ruwan ɗorawa ina saurare, ina fatan yashin nan kada ya ƙare.

A Asabar ta biyar muka iso gadar. Sai mutum ya taho da gudu, ya yi tsalle a daidai baki, ya kunna injin baya a tsakiyar iska, ya sake shi kafin ya yi zafi. Na faɗa ramin sau tara. Abin ya tsaya mini a rai, don haka cikin mako, duk lokacin da ɗalibi ya fasa zuwa, sai in dawo gida in gwada ni kaɗai. Ranar Laraba da azahar na haye. Na dira a ɗaya gefen da ƙafa biyu, na yi kabbara har uwarta ta fito da gudu.

Murnar ba ta kai minti ɗaya ba. Na san aikina. Ɗalibin da ya ci jarrabawa yakan yi godiya, ya ɗaga hannu, shi ke nan. A shekara ashirin da bakwai babu wanda ya dawo don ya yi kewar zama da ni a mota. Na zauna ina kallon sojana a can gefen, sannan na koma shuɗiyar fitilar da ke kafin gada, na ajiye wasan a nan.

Ranar Asabar na taho da gudu, na yi tsalle, na saki injin da wuri. Na faɗa.

"Kash! Saura kaɗan, Baba. Sake."

Na sake, na faɗa. Haka Asabar ta gaba, da wadda ta biyo ta. Tsakanin faɗuwa da faɗuwa muna hira, har ta fara tambayata ciwon gwiwata. Uwarta kuwa ta tsare ni a kicin. "Malam, ba da idona na ga ka haye abin nan ba?"

"Ki ji da tukunyarki."

"Zan ji da ita. Amma yarinyar nan ba ta cancanci haka ba."

A Asabar ta huɗu da fara wannan hali, na faɗa sau uku a jere. A na ukun ba ta ce "sake" ba. Sojanta yana tsaye a can gefen gada, bai motsa ba.

"Baba."

"Na'am."

"Ka tuna wani tsoho da ka ba mu labari muna cin abinci? Wanda matarsa ta rasu, ya yi wata uku motar tana mutu masa a wuri ɗaya?"

Na tuna.

"Ka ce tun rana ta uku ka gane shi. Ka ce wanda bai iya ba, kuskurensa kullum sabo ne. Mai maimaita kuskure ɗaya tsaf-tsaf, ya iya, so yake a zauna da shi." Ta ja numfashi. "Sati huɗu kana sakin injin a daidai wuri ɗaya, Baba. Ko ni ba zan iya saita shi haka ba."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

"Ka san me ya fi ba ni haushi? Na ɗauka ni ce ban iya koyarwa ba. Har takarda nake rubutawa a ofis, yadda zan yi maka bayani. Sau biyu ina kashe makirufo in yi ihu ni kaɗai a ɗaki, don kada in yi maka irin..." Ba ta ƙarasa ba. Ba sai ta ƙarasa ba.

"Tun wata Laraba na haye," na ce. "Ni kaɗai."

"To don me?"

"Kin ce in na haye shi ke nan. Auta, in babu gadar nan, me zan ce miki ranar Asabar? Ni ban iya ba. Minti biyu nake da shi a wurinki, shi ma na gaisuwa ne. Ina kewarki, ban san yadda ake faɗa ba."

Na duba ko intanet ne ya yanke. Sai na ji tana jan hanci.

"Ranar nan a shataletale," na fara.

"Bar wannan tukuna, Baba. Ba yau ba. Haye."

Na koma baya, na taho da gudu, na yi tsalle. Na kusa faɗawa da gaske, amma na dira. Ba ta yaba ba. Ta juya, na bi ta, muka taka sauran hanyar babu mai magana har gaban ƙofar birnin. Ƙatuwar ƙofa ce ta ƙarfe, da maɓalli ɗaya a gefe yana walƙiya.

"Awa ta cika," ta ce. "Asabar mai zuwa akwai aiki a ofis. Ta bayanta ma ban sani ba. Raina a ɓace yake, Baba, ba zan ɓoye maka ba."

"Na sani."

"Amma kada ka buɗe ƙofar nan. Abin da ke ciki ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Sojanta ya ɓace, ya bar nawa a tsaye.

Asabar biyu ke nan sun wuce. Ta kira uwarta kamar kullum, an miƙo mini, mun gaisa, ba ta ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Kowace rana in na dawo daga aiki nakan kunna na'urar in duba. Sojana yana nan a gaban ƙofa, bindiga a rataye, maɓallin yana ta walƙiya. Uwarta ta ce in leƙa mana in ga abin da ke ciki, ai ina iya dawowa baya ba wanda zai sani. Na ce mata na gama da wannan sana'ar.

Gobe Asabar. Ba ta ce za ta zo ba. Ɗalibin da nake da shi ƙarfe uku dai na riga na ce masa ya bari sai Litinin.