Amshin Atika

Shekara biyu da rasuwar Atika, amma Safinatu ba ta daina jin amshinta ba. Shekara arba'in da ɗoriya suka yi suna lugude a Kajiji, turmi ɗaya, taɓarya biyu. Safinatu ke ba da waƙa, maƙwabciyarta Atika na amsawa da wata murya mai kaushi da ko jaki ya ji sai ya sara mata. Yanzu kowa ya koma injin niƙa, turmin ma kaji ke kwana a kai. Duk da haka, in Safinatu ta ɗauko waƙa tana tankaɗe ko shara, daidai gurbin amshi sai ta jiyo Atika can ƙasa-ƙasa, tsakanin kukan awaki da ƙarar babura. Abin da ke cin ranta, ba ta taɓa jin ta sosai ba. Kullum sai wani abu ya gitta.

Maniru, ɗan ƙanenta, yana da ɗakin ɗaukar waƙa a Boɗinga. Sau uku yana zuwa roƙon ta bari ya naɗi waƙoƙin dakan kafin su ɓace, sau uku tana korarsa da tsiya. A na huɗu ne ya yi kurin da ya kama ta.

"Gwaggo, ɗakin ga ko motsin ƙuda ba ki ji. In an rufe, duniya duk waje ta ka tsayawa."

"Har kukan awaki?"

"Har shi."

Sai ta ce ya zo ya ɗauke ta ran Laraba. Shi a zatonsa daɗin bakinsa ne ya yi aiki. Ita kuwa lissafinta daban: in aka kawar mata da hayaniyar duniya, ai babu abin da zai rage sai muryar Atika, tas, ko sau ɗaya ne.

Babur ya kai su Shagari, mota ta sauke su Boɗinga da hantsi. Ɗakin bai fi rumbu girma ba. An lulluɓe bango da rufi da baƙin soso mai tudu-tudu, ƙasa kuma darduma kan darduma. Ta yi sallama da za ta shiga, don ko kango ne ba ta shigarsa haka kawai. Sallamar ta fita daga bakinta ta faɗi nan gabanta, ko bango ba ta kai ba. Maniru ya zaunar da ita, ya daidaita makirfo, ya ja ƙofa mai kauri, ya koma bayan gilashi, ya sa abin saurare a kunne, ya ɗaga mata hannu.

Shirun ya danne mata kunnuwa kamar ta nutsa a rijiya. Ta ɗan ji tsoro, amma murna ta fi yawa. Ta gyara zama, ta buga tafin hannu a gwiwa a madadin taɓarya, ta ba da baitin farko, ta tsaya ta kasa kunne.

Ta ji bugun zuciyarta. Ta ji wani siririn fito a cikin kanta, ta ji yawun da ta haɗiya yana sauka. Atika dai babu.

Ta ce ko ta yi gaggawa ne, don marigayiyar da ma akwai jan aji. Ta sake bayarwa, ta jira. Ta ɗauko wadda suka fi so, ta zagin miji mai rowa, wadda Atika ba ta iya amsa ta ba tare da ta fashe da dariya ba. Ta bar gurbin a buɗe har numfashinta ya ƙare. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta rufe ido ta nemi muryar a cikin kanta, ta lalubo ta lalubo, abin da ya zo mata muryarta ce ita kanta. Nan ta gane. Abin da take ji a gida awaki ne da babura da iskar da ke kaɗa zana, kunnenta ke harhaɗa su ya ba ta abin da take so. Tun da take ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan ɗaki ba.

Maniru ya buɗe ƙofa yana washe baki. "Gwaggo, muryarki ta hito tas! Sai dai tsayawar ga ta yi yawa. Mi kika jira?"

"Atika nika jira."

"Wace Atika? Ba ita ta munka yi wa zaman makoki shekaran bara ba?"

"Ku kunka yi," in ji ta. "Ni yanzun ga ta rasu."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya dubi tsohuwar, hannunta har yanzu a kan gwiwa. Sai ya cire abin da ke kunnensa ya ajiye, ya durƙusa a kan dardumar kamar wanda ya shigo gidan rasuwa.

"Gwaggo, ya haƙuri?"

Ta sauke hannunta daga gwiwa.

"Da godiya," ta ce.