Zif ɗin Bayan Jaka

Tajuddeen mai ɗaukar hoton biki ne a Tudun Wada, Gusau. Ranar Asabar ɗin da ba shi da aiki yakan je kamun kifi a gulbi wajen Bungudu, tare da Malam Jibo, manomi abokin mahaifinsa. Daga inda mota ke sauke su tafiyar awa ɗaya ce a ƙafa.

Jakar kyamararsa ta goyo tana da ɗaki biyu. Na sama yana buɗewa ta gaba, nan yake zuba ƙugiyoyi da zare. Na kyamara kuwa zif ɗinsa yana ɓangaren da ke manne da bayan mai goyo.

Ran nan Malam Jibo ya cusa ledar hanjin kaza na jiya a ɗakin sama, don yin tarkon tarwaɗa. Rana na ɗagawa ledar ta fara yoyo.

"Baba, ka kashe mini jaka," in ji Tajuddeen.

"Kifi ba ya cin turare, ɗan birni."

Kusa da gulbi suka ga shanu kamar sittin suna shan ruwa, balbelu a kansu, ba makiyayi. Tajuddeen ya ɗauki hoto huɗu, ya mayar da kyamarar. Sai Malam Jibo ya tsaya.

"Wancan jan sa mai tsagaggen kunne na Alhaji Dalhatu ne. Shanun da ɓarayi suka kore ran Talata ke nan. Ka ɗauke su?"

"Huɗu."

"Kowa ya ga hoton nan zai ce an aiko ka leƙen asiri ne."

Ba su kai ga juyawa ba mutum biyu suka fito daga cikin geza, ɗaya dogo ɗaya gajere, kowanne da bindiga. Dogon ya yi rawani har hanci.

"Mi kuka nema nan?"

"Kifi, ranka ya daɗe," in ji Malam Jibo.

"Aje jikka."

Tajuddeen ya sauke ta, ya kwantar da ita da bayanta a ƙasa. Abin da kawai ya iya tunawa ke nan. Dogon ya zare sandar kamun kifi daga gefe, ya buɗe ta gaɓa-gaɓa, ya jefar. Ya karɓi wayoyinsu ya duba hotuna. A ta Tajuddeen amare ne kawai.

"Kai mai hoto ne?"

"Na biki."

"Ina na'urar?"

"Tana gida."

Dogon ya ɗaga jakar da hannu ɗaya, ya jijjiga ta.

"Nauyin mi ne wanga?"

"Darma ce, ta nutsar da ƙugiya," in ji Malam Jibo. "Yaron bai iya ba, lodi yake yi kamar jaki."

Gajeren ya yi dariya. Ya ce jakar ta yi masa, zai riƙa zuba harsashi. Ya saƙala hannu ɗaya a maɗaurin. Tajuddeen yana ganin kan zif ɗin yana lilo, tazarar yatsa biyu daga wuyan hannun mutumin.

Mutumin ya zuge ɗakin sama ya tura hannu. Ya fito da shi jiƙe da ruwan hanji. Ya shinshina, ya tofar da yawu, ya yi wurgi da jakar. Ta faɗi kan dutse, wani abu ya yi ƙara a ciki.

Dogon ya dubi jakar.

"Kwalbar tanar kamun kifi ce," in ji Malam Jibo. "Shi ke nan, ka fasa mana ita."

"Ku ɓace. Kar in sake ganinku gulbin ga."

Suka tafi ba gudu, ba waiwaye. Sai da suka hango kwalta Tajuddeen ya zauna ya buɗe zif ɗin baya. Gilashin kyamarar ya tsage gida biyu, amma ta kunnu. Ya sa yatsa zai goge hotunan.

Malam Jibo ya riƙe masa hannu. "Alhaji Dalhatu bai san inda shanunsa suke ba."

"Sun ga fuskata, Baba. Sun san sana'ata."

Malam Jibo ya sake shi. Tajuddeen ya goge su ɗaya bayan ɗaya.