Haruffa Uku a Jikin Kwalba

Mutari mai gyaran tele a Birnin Konni mutum ne da bakinsa bai saba da "ban sani ba" ba. Shekara ashirin da biyu yana zaune a shagonsa na bayan tasha, kuma in ka ji ta bakinsa, ba a taɓa kawo masa abin da ke cin kuran, wato wutar lantarki, ya gagare shi ba. Waɗanda suka gagare shi kuwa suna nan jibge a bayan shago, kaji na ƙwai a cikinsu, amma wannan ba zance ne da ake yi a gabansa ba.

Wata Talata da hantsi sai ga wata mata ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagon. Sunanta Najiba, tana koyar da kimiyya a wata lakwal a Malbaza. Bayan sun gaisa ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan allo kore, bai fi tafin hannu ba.

"Malam Mutari, aiki na kawo maka, amma ba shi ɗaukuwa. Sai dai kai ka tahi wurinai, can Dogarawa."

"Mi na na?"

"Akwatin wasa na, na babana. Ya girme ni."

A cikin mota ta ba shi labarin. Mahaifinta, Malam Tanimun, ya yi lodin siminti a Malbaza tun yana saurayi, shi da ƙanensa Hayatu. A wancan zamani wani injiniya baƙo ya kawo akwatin wasa mai tsayin mutum ya ajiye a zauren da ma'aikata ke hutawa. Ɗan jirgi ne mai kusurwa uku kake tuƙawa a cikin duhu, duwatsu na taso maka kana harbinsu. Wanda ya fi kowa maki, akwatin yakan rubuta haruffa uku na sunansa a saman jeri. Hayatu ya hau saman jerin nan, shekara huɗu babu wanda ya sauke shi, har zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Bai yi aure ba, ko hoto ɗaya bai bari ba. Da akwatin ya mutu aka fitar da shi waje, sai Malam Tanimun ya ɗauko shi a amalanken jaki ya kai gida, inda matarsa Kande ta mai da samansa wurin jera kwanuka.

Yanzu idon tsohon ne ke tafiya. Likita ya ce ba irin ciwon idon da ake kankarewa ba ne, abin da ya tafi ya tafi, saura kuma na bin baya. Abu ɗaya ya roƙi ƴarsa: ya ga akwatin nan a kunne kafin duhu ya gama rufe shi. Tsohon allon da ke riƙe da wasan ya daɗe da ruɓewa, shi ya sa Najiba ta sa aka aiko mata da wannan ƙaramin, wanda ke kwaikwayon tsohon har akwatin ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta dawo. Ta kuma yi masa bayani mai tsawo a kan kwalbar da hoto ke fitowa a jikinta, cewa ba irin ta tele ba ce, kuma akwai abin da ba a yi mata. Mutari yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan manyan motocin siminti da ke wuce su. Mace malamar lakwal za ta koya masa kwalba?

Sun sami Malam Tanimun zaune a kan tabarma a bakin ɗaki. Ya miƙa hannu gefen da ba nan Mutari yake ba, sai da Mutari ya matsa ya kama.

Akwatin na tsaye a ƙuryar ɗaki, fentinsa ya koɗe. Mutari ya buɗe bayansa ya tarar da gidan zanzaro guda uku da wani tsohon ludayi. Ya zagayo gaba ya haska gilashin da tocila, sai ya yi tsaki. Kwalbar ta ci wuta, duk samanta inuwar tsohon rubutu ce ta zauna daram, irin tabon da hoto ke bari in ya daɗe a wuri ɗaya.

"Baba, kwalbar ga ta ƙone. Mu hidda ta, in sa maka tele ta zamani, shafal, ta hi wagga kyau sau goma."

Tsohon ya tashi da lalube ya zo ya ɗora yatsa a kan gilashin, can sama ta hagu, bai ko yi kuskuren wurin ba.

"Duba nan, ɗana. Mi ka gani?"

Mutari ya karkata tocila. A ƙarƙashin yatsan akwai haruffa uku, dishi-dishi: H, A, Y.

"Abin da ar rage min na Hayatu ke nan a duniya," in ji Malam Tanimun. "In ka hidda kwalba, ka tahi da akwatin duka, ba ni son shi."

To, magana ta ƙare. Mutari ya share ciki, ya haɗa sabon allon yadda takardar da Najiba ta zo da ita ta nuna: waya ɗaya mai kai haske dama da hagu, ɗaya mai kai shi sama da ƙasa, ɗaya mai kunna shi da kashe shi. Aka rataya tabarma a ƙofa don ɗakin ya yi duhu. Najiba ta fita karɓo musu fura. Ya kunna. Lasifika ta yi gurnani, wuyan kwalbar ya yi ja, amma gilashin baƙi ƙirin.

Nan fa hannu ya riga hankali. Duk mai gyaran tele daga Konni har Illela, in ya kunna ya ga duhu, abu na farko da yake yi shi ne ya ƙara haske ya ga abin da ke ɓoye. Mutari ya sa turnabis, ƙarfen kwance kusa, ya murɗa maɓallin haske. Sai ga wani ɗigo guda a tsakiyar gilashin, fari fat, haskensa har soka ido yake. Bai taɓa ganin kwalba ta fitar da haske irin wannan ba, ya tsaya baki sake.

"Tamraro!" in ji Malam Tanimun daga bayansa. "Wallahi na ga tamraro! Shekara biyu ban ga bakin abu ba sai yau!"

"Kashe! Malam Mutari, kashe!"

Najiba ce, ta jefar da kwanon fura a bakin ƙofa. Ya fizge waya. Ɗigon ya dusashe a hankali, ya bar tabo ƙarami kamar ƙwayar gero a tsakiyar gilashin, tabon da ba zai taɓa fita ba.

Sai a lokacin bayanin da ta yi masa a mota ya shiga kunnensa, don ta sake yi, wannan karon ba da ladabi sosai ba. Tele ta gida share gilashinta take yi layi bayan layi, kamar mai huɗa a gona, hasken ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wannan kuwa ɗigo ɗaya ne tak, yana yawo yana zana kowane abu kamar bakin alƙalami. In abin da ke tura shi ya mutu, sai ya tsaya cik ya huda fentin da ke cikin gilashin. Masu ƙera akwatin sun san haka, suka sa masa tsaro mai kashe hasken in ɗigon ya tsaya. Duhun da Mutari ya gani, akwatin ne ke kare kansa, shi kuma ya murɗa har ya fi ƙarfin tsaron. Da ɗigon a sama ta hagu ya tsaya, da sunan Hayatu ya tafi.

Mutari ya zauna a ƙasa. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya fi kunyar.

"Malama," ya ce, "ban sani ba. Ki hwaɗa min daga hwarko, ina saurare."

Ranar bai sake kunna komai ba. Ya zare wutar da ke kwance a cikin kwalbar, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da mita, Najiba na karanto masa takarda. Suka sami dalma ta tsage a ƙafafun wata mahaɗa, suka kuma sami ɗayan manyan taranzistoci huɗu da ke tura ɗigon ya mutu murus. Babu irinsa a shagunan Konni. Da yamma ya koma gida ya kori kaji daga jibgin bayan shago, ya tono wata tsohuwar na'urar lasifikar biki da ta gagare shi shekara tara da suka wuce. A cikinta ya sami mai irin lambar.

Washegari bayan azahar ya koma Dogarawa ya sa taranziston, ya sabunta dalma, ya mai da hasken ƙasa can. Ya yi bismilla ya kunna, yatsansa na kan makashi.

Layi ya fito. Siriri, fari, ba shi da gezar nan da hoton tele ke da ita. Sai wani, sai wani, sai ga duwatsu suna shawagi a cikin baƙin da bai taɓa ganin mai zurfinsa ba. Mutari ya matso kusa. Shekara ashirin da biyu yana cikin kwalabe, bai san gilashi na iya wannan ba. Ya san ɗigo ɗaya ne ke zana duk abin nan, yana zagayawa da gudun da ido ba ya kamawa, amma sanin bai rage masa mamaki ba ko kaɗan.

Sai dai rubutun a juye yake, kuma hoton ya fi gilashin girma, rabin duwatsun na can waje. Juyin ba wuya, Najiba ta zare ɗan katin da ke jikin allon ta canza umarni ɗaya a kwamfutarta ta hannu. Girman ne matsala. Akwai ƴan maɓallai huɗu da ake murɗawa, ɗaya na faɗi, ɗaya na tsawo, biyu na matsawa, amma babu takardar da ta faɗi inda za a tsaya.

Mutari ya daɗe yana kallon gilashin. Can sai ya yi dariya shi kaɗai.

"Malama, kwalbar da nic ce a yas, ita za ta gwada muna. Kira min jerin maki."

Jerin ya fito, babu sunan kowa, sai kan rubutu da lamba ɗaya. Ya kama turnabis yana murɗawa kaɗan-kaɗan, yana janyo sabon rubutun zuwa kan tsohuwar inuwarsa. Ya rage faɗi. Ya rage tsawo. Ya matsa hagu kamar kaurin gashi, ya wuce, ya dawo. Ya fi rabin awa a haka, har kowane harafi na kan rubutun ya kwanta a cikin tabon da ya bari tun kafin a haifi Najiba.

Aka kamo hannun Malam Tanimun aka tsayar da shi a gaba. Ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashi. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Ina gani. Najiba, ina ganin bakin kowane dutse. Allahu Akbar."

Kande ta leƙo ta gefen tabarma, ta ce ashe abin da take jera wa kwanuka ke nan, ta kama baki.

Yatsunsa suka sami maɓallan da kansu. Wasan dai, a faɗi gaskiya, bai yi kyau ba. Ya harbi duwatsu huɗu, na biyar ya murƙushe shi, sauran jiragensa biyu ma ba su daɗe ba. Amma jerin babu kowa, don haka akwatin ya ce shi ne na ɗaya, ya nemi haruffa uku.

"Baba, in sa maka T?" in ji Najiba.

Ya ture hannunta a hankali. Malam Tanimun bai yi lakwal ba, amma siffofi ukun nan ya san su kamar yadda ya san hanyar gonarsa. Ya dinga dannawa haruffa na wucewa, har ya ga mai sanda biyu da gada a tsakiya, ya tsayar. Ya nemo na biyu. Ya nemo na uku.

Jerin ya dawo. A sama ta hagu, daidai cikin tsohon tabon, ba gaba ba baya, haruffan suka kama da haske. Mutari ya ji turnabis ya zame daga hannunsa.

Tsohon ya ɗora yatsa a ƙarƙashinsu, ya daɗe yana kallo.

"Wurinai na," ya ce. "Ko yana da rai ban taɓa hin shi ba."