Aron Kwana Biyu

Shekara ashirin da shida ina koyar da ginin jimlar Turanci a jami'ar garinmu, Mawlamyine, kuma duk tsawon shekarun nan da littafin sata nake koyarwa. Littafin rubutu ne mai kauri, bangonsa shuɗi, gefen shafukansa ya sha danshi har ya koma ruwan ƙasa. Na malamata ne, Daw Pyone Yi, wadda har yau bakina ba ya iya kama sunanta gatsau, sai dai in ce Sayama, wato Malama a harshenmu.

Ajina yana hawa na biyu, tagoginsa suna kallon kogi. Da azahar, idan wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, nakan rubuta jimla ɗaya a ƙasan allo, in yi ɗage in fara sauko mata da rassa daga sama: yankin suna ya bi hagu, yankin aiki ya bi dama, kowane reshe ya sake haihuwa har sai kowace kalma ta sami inda za ta rataya. Nakan ce wa ɗaliban kowace jimla tana da siffar da kunne ke ji, tana kuma da wata a ɓoye can ƙasa, inda kalmomi ke zaune kafin su tashi su canja wuri. Su kuwa sai hamma, sai ɗaga waya a ɗauki allon hoto don kada a wahalar da yatsu, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Amma ina da bakin faɗa? Bayanin na Sayama ne, misalan nata ne. Har barkwancin da nake yi musu a mako na shida nata ne, yana nan da jan biro a gefen shafi na arba'in, kuma har yau ana dariya.

A zamaninmu littafi ba ya samuwa. Sayama ta taɓa yin wata tara a ƙasar waje, maimakon ta ga gari sai ta zauna a ɗakin karatu tana kwafa da hannu, ta dawo da littafin nan a ƙirjinta. Kullum yana cikin kwandonta tare da gorar shayi. Mai ɗaukar mata kwandon daga inda take ajiye keke zuwa aji ita ce aminiyata Sabai. Duk ajinmu ba wanda ya kama ƙafar Sabai. Jimlar da zan yi rabin awa ina gumi a kanta, Sabai za ta zana bishiyarta tana cin gyaɗa.

Saura mako uku jarrabawar ƙarshe, wata Juma'a, aka tashi daga aji. Sayama ta shiga ofishin shugaban sashe, Sabai ta fita wanke tsumman goge allo, kwandon yana kan tebur. Na ce a raina aro zan yi, kwana biyu kawai, in kwafe abin da ya shige mini duhu in mayar ran Litinin.

Ran Litinin Sayama ta riga kowa shigowa. Ta tsaya hannu rabbana, ta ce littafinta ya ɓata, wanda ya tsinta ya taimaka. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa, wataƙila da na miƙe. Littafin yana cikin jakata, a kan cinyata, amma na kasa motsi. Na ce gobe. Goben ta zo na ce jibi, kunyar kullum ƙara nauyi take.

Damina ce, alli ya jiƙe ba ya kama allo. Sai Sayama ta ajiye shi ta fara zane a iska. Ta sa yatsa can sama ta ce ga jimla, ta sauko da hannun hagu, ta sauko da na dama, ta tsinko wata kalma daga ƙasa da yatsu biyu ta kai ta gaba a hankali, ta dawo ta nuna mana gurbin da ta bari. Ruwa na zuba a kan kwano, ajin ya yi duhu-duhu, mu arba'in mun yi tsit muna kallon abin da babu shi. Ni dai na gan ta. Bishiya ce a rataye tsakanin tebur da taga, tana ɗan lilo. Har yau idan barci ya fara fizgata da rana a ofis ita nake gani, da hannun Sayama yana yawo a cikin rassanta.

Ni na zo ta ɗaya a shekarar. Da za a ɗauki mutum ɗaya ya zauna ya koyar, kowa ya sa ran Sabai ce, sai ga sunana. Na ɗauka sakamakon jarrabawa ne, ban kuma tsawaita bincike ba, don ban so. Sabai ta karɓi rumfar mohinga ta mahaifiyarta a tashar jirgin ruwa, tana nan har yau tana zuba wa matuƙa kwalekwale romon kifi a kan taliyar shinkafa. Idan na je karyawa takan tsoma yatsa a ruwan wanke kwano ta zana mini reshe biyu a kan tebur ta ce, "To Farfesa, ci gaba, ni nan ilmina ya ƙare."

Duk ƙarshen damina, a watan Thadingyut, tsofaffin ɗalibai mukan taru a gidan Sayama mu durƙusa mu nemi gafara, kamar yadda kowa ke yi wa malamansa. Sau ashirin da shida na sa goshina a tabarmarta tare da jama'a, na faɗi abin da ake faɗa: duk laifin da na yi miki da jiki, ko da baki, ko da zuciya, ki yafe mini. Sau ashirin da shida ta ce ta yafe mana duka. Nakan fito da nauyina kamar yadda na shiga, domin ta yafe abin da ba ta san da shi ba. Bana 'yar ƙaninta da ke kula da ita ta kira ni ta ce jikin ya yi nisa, idanu sun tafi, wanda ke son ganinta ya zo wannan karon. Sai na naɗe littafin a cikin sabon zane na sa a jaka.

Sabai ta biyo mini da safe, kumatu sun sha hodar thanaka, da kwandon kasuwarta da gwangwanin biskit.

"Wannan jaka haka, gaisuwa za ki ko ƙaura?" in ji ta.

"Zane ne na sayo mata."

"Zanen ƙarfe ne? Dubi yadda kafaɗarki ta karkace. Kawo in riƙe miki, ai ɗaukar kayan malamai gadona ne."

Na ƙanƙame jakar na ce ta bari. Muka bi ta bakin kogi. An rataye fitilun takarda a ƙofar kowane gida, ba a kunna ba tukuna, iska na kaɗa su. Hazo ya rufe tsallaken ruwan, kwalekwale na shiga ciki suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ni fa zuwan nan don dole nake yi," in ji Sabai. "Tun da muka gama ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. Yanzu da idon ya tafi ma na huta, kowa ya zama ni."

Mun kai mu talatin a falon, wasu da furfura, wasu da jikoki a baya. Sayama tana kan kujerar kaba, ta ƙanƙance, an sa mata furen jasmin a gashi. Muka durƙusa, muka haɗa tafin hannu, muka kai goshi ƙasa sau uku, muka faɗi abin da ake faɗa. Ta yafe mana, ta sa mana albarka, ta ce ita ma idan ta saɓa wa wani a yafe mata. Jama'a suka fita tsakar gida cin kwaɗon ganyen shayi. Ni ban tashi ba.

"Wa ya rage?" ta tambaya. "Ina jin numfashi."

"Ni ce, Sayama. Nwe Ni."

"'Yata mai koyarwa. Yaya yaran? Suna ganewa?"

"Hoto suke ɗauka, Sayama."

Ta yi 'yar dariya. Na warware zanen, na ɗora littafin a cinyarta. Ta shafa bangon, ta shafa gefen, ta buɗe ta kai hancinta. Ta daɗe a haka. Yatsanta ya fara bin shafin, yana sauka hagu, yana sauka dama, ko da yake ba ta ganin komai.

"A ina aka same shi?"

"Ba a same shi ba. Ni na ɗauka, daga kwandonki, ran wata Juma'a. Na ce kwana biyu. Da shi na ci jarrabawa, da shi nake koyarwa har makon jiya. Ki yafe mini wannan, Sayama, shi kansa, ba a cikin taro ba."

Na sunkuyar da kai. Ina jira ta yi faɗan da ba ta yi ba tun wancan lokaci. Sai na ji hannunta a kaina, ba nauyi ko kaɗan.

"Ke ce?" ta ce. "Ke ce, ba mai kwandon ba?"

Ban gane ba da farko, sannan na gane: a kan Sabai ta ɗora zargin duk shekarun nan.

"Littafi ai na yafe, 'yata. Ya yi aiki a hannunki fiye da yadda zai yi a akwatina. Amma da aka tambaye ni wa za a ɗauka a cikinku, na ce kada a ɗauki yarinyar nan, hannunta ba shi da tsarki. Ban tambaye ta ba. Ban tambayi kowa ba." Ta ja numfashi. "Tana nan? Kira mini ita."

Na leƙa tsakar gida. Sabai na tsakiyar mata tana ba su labari, baki cike da gyaɗa. Ta shigo tana goge hannu a zane.

"Ga ni, Sayama. In dai biskit ɗin ne, ba ni na toya ba."

Sayama ta ce mu sauko da ita daga kujera. Muka ce haba, ta ce mu sauko da ita. Tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu ta durƙusa a kan tabarma, ta haɗa tafin hannu ta fuskanci inda muryar Sabai ta fito. Sabai ta yi tsalle gefe tana cewa, "Sayama, za ki ɗora mini alhaki! Wa ya taɓa ganin haka?" Sayama ba ta tashi ba sai da ta faɗi komai. Abin da ta rage ni na ƙarasa, goshina a ƙasa kusa da ƙafar Sabai.

Muna jiyo hayaniyar tsakar gida da ƙarar wani jirgi can nesa a kan ruwa. Sabai ta tallafi Sayama ta mayar da ita kujera, ta gyara mata furen da ya zame, ta ce, "Na yafe miki, Sayama. Ki huta." Ni kuwa ko kallona ba ta yi ba.

Sabai ta ɗauki littafin. Ta buɗe tsakiya, ta tsaya tana kallon wata doguwar bishiya da ta cika shafi biyu, leɓenta na motsi. Na ga yatsanta mai tabon wuƙar yankan kifi ya bi wani reshe har ƙasa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ta rufe, ta sa shi a kwandonta tsakanin albasa da lema.

"Sabai," na ce, "ina da aji ran Litinin."

"Aro zan yi," in ji ta. "Kwana biyu kawai."

Ta fita ba ta jira ni ba.

Ran Litinin na shiga aji ba komai a hannuna. Ɗalibai sittin suka ɗaga wayoyi suna jiran allo ya cika. Na ɗauki alli, na juya shi, na ajiye. Ta taga ina hango rufin rumfunan tashar jirgin ruwa, hayaƙi na tashi daga ɗaya. Na ce su ajiye wayoyin, yau babu abin ɗauka. Na sa yatsa can sama a iska, na ce, "Ga jimla."